Ranar da Iya Ta Ce wa Rawaya Baƙi

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Yanzu in zan kira jikana ɗaya sai na ambaci sunaye uku kafin in faɗa kan nasa, kuma sau biyu ina neman carbina yana rataye a wuyana. Amma wata safiyar Juma'a da aka zaunar da ni gaban sakaina ashirin a tsakar gidan surukata, wannan kam ba za ta fita daga kaina ba har ranar da za a kai ni makwancina.

A wani ƙauye ne tsakanin Kiru da Yako, shekarun nan da ake ta maganar yaƙi da jahilci, tun ba a ba mu mulkin kai ba. Ina da 'ya'ya biyu, ɗaya yana tafiya, ɗaya a baya. Maigidana manomi ne, mutum mai gudun hayaniya. Da zarar magana ta fara zafi a gida sai ya tuna bai ba jaki ruwa ba. Ba na jin an taɓa yin jakin da ya sha ruwa kamar namu a ƙasar Kano.

Gidan kuwa, in gaskiya za a faɗa, na mahaifiyarsa ne, wadda kowa yake kira Iya. Sana'arta rinin kaba da saƙar faifai. Tukwanenta biyar ne jere a gindin rumbu: ja, shuɗi, kore, rawaya da baƙi. In za a yi wa amarya jere, har daga Bebeji ake aiko mata. Idonta shi ne abin taƙamarta. Za ta kalli kaba daga nesa ta ce jan nan bai ƙoshi ba, a mayar tukunya, alhali ni a wurina ja ja ne.

Da aka ce za a buɗe ajin mata, dagaci ya roƙi Iya ta ba da tsakar gidanta, saboda faɗinsa da inuwar tsamiya. Ba ta so ba, amma ba a yi wa dagaci musu. Sai ta kafa sharaɗi: a jingina allon inda za ta riƙa ganinsa daga wurin tukwanenta, don kada wata ta goga mata farin alli a bangon rumbu. Haka aka yi. Malamarmu matar wani malamin makaranta ce da aka kawo daga Bebeji, ba ta girme ni ba, sai dai ta fi ni murya. Ni abin da ya kai ni ajin ɗaya ne. Yayana yana haƙar kuza a Jos, kuma in ya aiko wasiƙa sai an kai wa mai karantawa a ƙofar dagaci. Kafin saƙon ya iso kunnena rabin gari ya ji, har wasu su tare ni a rijiya su yi mini jajen abin da ban sani ba tukuna. Na ƙudurta wata rana ni zan karanta abina, a ɗakina, ba ɗan tsakiya.

Wasan da ya jawo duk abin nan, ni na haife shi, kuma ba da niyya ba. Malama ta ba mu aikin gida, kowa ta rubuto sunayen launuka. A ranar ɗana ya jefa fensirina a rijiya don ya ji ƙarar da zai yi. Bai yi ƙara ba. Na rasa abin yi, sai na tsinci sakaina biyar na tsohuwar ƙwarya, na fiƙe kara, na lallaɓa wurin tukwanen Iya tana salla. Ban tsaya zaɓe ba. Tukunyar da hannuna ya kai ita nake tsomawa, ina waige. Haka na rubuta ja da shuɗin rini, na rubuta kore da ja, na rubuta baƙi da rawaya.

Washegari Malama ta juya sakainar, ta yaba dabarata, sannan ta ɗaga ɗaya sama don ta nuna wa mata kyawun rinin.

Ta ce, "Wane launi ne wannan?"

Matar maƙeri, wadda ta fi mu iya karatu, ta yi caraf ta ce, "Ja!"

Abu shuɗi kamar an tsamo shi daga marina yanzu. Muka fashe da dariya. Matar maƙeri ta rantse bakinta ne ya riga ta. Malama ta ɗaga wata, wata matar ta sake faɗawa ramin. Muka ce to Malama, ke ma zo mu gwada ki. A ta uku ta faɗi. Ta zauna a kan turmi tana kallon sakainar kamar ta zage ta, can ta ce wannan ba abin dariya ba ne, abin wasa ƙwaƙwalwa ne, yana koya wa baki ya jira hankali. Ta ce a yi guda ashirin, kullum mu yi kafin a tashi. Dokarsa ɗaya: faɗi launin da idonki ya gani, kada ki karanta abin da aka rubuta, kuma kafin a tafa hannu sau biyu.

Na zata Iya za ta ci mini mutunci a kan rininta da na taɓa. Ba ta yi ba. Ta ga yadda matan aure masu 'ya'ya suke kiran shuɗi ja, abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Ta ce, "Ku ɗiba. Ku ɗiba da yawa."

Daga ranar Iya ta shiga wasan ba tare da ta shiga ajin ba. Tana juya kaba a tukunya, ana ɗaga sakaina, kafin mu gama kokawa da harsunanmu sai mu ji daga gindin rumbu, "Kore." A ɗaga wata, "Rawaya." Ba ta taɓa kuskure ba, ba ta kuma taɓa ajiye muciyarta ba. Wata rana wata Bafillatana mai tallan nono ta shigo, Iya ta tsayar da ita ta ce a gwada ta. Matar ta faɗi ashirin ɗin nan tas da ƙwarya a kanta, ta tambaya ko shi ke nan karatun, ta fita tana girgiza kai.

Iya ta ce, "Kun gani ko? Wanda bai sha bokon nan ba idonsa garau. Ku kuwa an sa muku yana."

Malama ta yi ta bayani cewa wanda bai iya karatu ba rubutun ba ya jansa, shi ya sa. Iya ta ce ai abin da take faɗa ke nan.

Haka muka ci damina, muka shiga kaka. Saura wata biyu a yi mana jarrabawa sai tsautsayi ya faɗa mini. Goyona ya kwana biyu yana zazzaɓin haƙori, kaina ba ya tare da ni, Iya ta ce in miƙo mata koren kaba, na miƙa mata shuɗi. Kuskure ne irin wanda kowace mace mai jego takan yi. Iya ta riƙe kabar nan ta daɗe tana kallo. Da maigidana ya dawo daga gona ta kira shi ta ce abin ya isa. Yau kaba ce, gobe a ce in zuba gishiri in zuba kanwa. Ta ce za ta aika wa dagaci ya nemi wani gida, ni kuma na gama zuwa aji.

Maigidana ya ce, "To, Iya." Ya nufi wurin jaki.

Ni ba mai yawan magana ba ce, gaban suruka kuwa ko ɗaga kai ban cika yi ba. Amma na tuna wasiƙun Jos. Na durƙusa na ce, "Iya, a gwada ni tukuna."

"Da wa?"

"Da duk wanda kika ce."

"Da ni," in ji ta. Ta ce a kira ƙanenta, Kawu, ya yi alƙalanci ran Juma'a da hantsi, tunda shi bai san boko ba, ba zai yi son kai ba. Ni ashirin, ita ashirin. In kuskurena ya fi nata, aji ya tashi.

Na ce, "In kuma mun yi daidai fa, Iya?"

Ta ce, "Ba za mu yi daidai ba."

Tana da gaskiya. Wata bakwai ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, ni kuwa ranar da na fi ƙoƙari huɗu na zubar. Kwana shida suka rage mini, na shiga horon kaina. Na jera sakaina a kan katanga inda nake daka, in ɗaga taɓarya in faɗi launi kafin ta sauka. Na gwada lumshe ido har rubutun ya dushe, sai launin ma ya dushe tare da shi. Na gwada kallon wutsiyar harafin ƙarshe kawai, wannan ya ɗan yi mini amfani. Har ta kai in na ga akuya sai in ji bakina ya ce "ja" da kansa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya nake gaisawa da dabbobi.

Kawu ya ce don adalci a yi sababbin sakaina, kada a ce na haddace tsofaffin. Malama ce ta rubuta su da hannunta, manya manyan haruffa, tsaf kamar na littafi. Da na gani na san aiki ya ƙaru, domin rubutu in ya yi kyau ya fi jan ido.

Ran Juma'a Kawu ya iso da buzunsa da tsakuwa a aljihu. Dattijo ne mai tausayi, wanda ko kaza za a yanka sai ya ba ta haƙuri. Matan aji suka cika ɗakina, aka saki asabari, suna leƙe ta tsakankaninsa. Maigidana ya miƙe zai fita, Kawu ya ce, "Zauna. Na biyo ta wurin jakin, ya sha."

Ni aka fara. Kawu yana ɗagawa, yana buga cinyarsa sau biyu a madadin tafi. Na kafa idona a wutsiyar harafi, na riƙe numfashi. Na wuce takwas lafiya. A ta tara goyona ya ja mini ɗankwali, idona ya zame ya faɗa kan kalmar gaba ɗaya, na ce shuɗi, abu kuwa ja ne. Kawu ya ajiye tsakuwa ɗaya gabana yana cewa, "Sannu, 'yata, ba komai." A ta goma sha bakwai na sake. Tsakuwa biyu. Ban taɓa yin ƙoƙari irin na ranar ba, kuma na san bai isa ba. Na koma gefe na zauna, ina tunanin wa zan bar wa littafina.

Iya ko zama ba ta yi ba. Ta tsaya da muciya a hannu kamar wadda aka katse wa aiki don abin banza.

"Ja. Kore. Baƙi. Shuɗi. Ja. Yi sauri mana, ina da tukunya a wuta."

A ta bakwai sai na ji ta ce, "Ko... ja."

Kawu bai lura ba, ya wuce. Ni na lura. Na saci kallon sakainar da ya ajiye: da jan rini aka yi ta, amma kore aka rubuta. Na ce a raina kai, tuntuɓen harshe ne, kowa yana yi. Na sunkuyar da kai.

Ta goma ce aka ɗaga, rawaya kamar garin ɗorawa. Iya ta buɗe baki da ƙarfinta ta ce, "Baƙi."

Kawu ya juyo da sakainar ya duba. Ya dubi yayarsa. Ya sake duban sakainar.

"Yaya, sake kallo dai."

"Rawaya. Ai rawaya na ce."

Kawu bai yi gardama ba, amma ya ajiye tsakuwa, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Daga nan Iya ta rage gudu. Na ga tana ɗan karkatar da kai, tana ƙanƙance ido, irin yadda na kwana shida ina yi. A ta goma sha uku ta ce wa kore shuɗi. A ta goma sha takwas ta ce wa baƙi ja, ta kuma cije leɓe tun kafin a ajiye tsakuwar.

Kawu ya tattara sakainar ya ajiye gefe. Ya manta da alƙalancin gaba ɗaya, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Ya ce, "Inna lillahi. Yaya, ashe idon ya fara tafiya kika ɓoye mana? Haka ya fara wa mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta ce wa farin zakara baƙi." Ya juya ga maigidana. "Kai, daga yau kada a sake barinta kusa da hayaƙin tukwanen nan. A aika wa mutanen Bebeji su nemi wata mai rinin. Akwai wani mai cire yanar ido a Tudun Wada, da allura yake yi, an ce hannunsa ba ya rawa sosai. Jibi za mu kai ta."

Maigidana ya ce, "To, Kawu."

Na san abin da ya faru, Malama ma ta sani, kuma kalma ɗaya daga bakina ta isa ta warware komai. Amma ba ni ce zan faɗa ba. Na zuba wa ƙasa ido na ƙyale Iya da zaɓinta: ko ta zama mai rini wadda ba ta bambance rawaya da baƙi, a ɗauke mata tukwane a kai ta gaban allura, ko kuma ta faɗi ainihin dalilin.

Can ta nuna bakin zaure da muciya.

"Ka ga jakin can? Akwai ƙuda a kunnensa na hagu. Biyu ne ma. Idona ƙalau yake."

"To, Yaya, me ya sa kika ce wa rawaya baƙi?"

"Baƙi aka rubuta."

Kawu ya ce, "Na'am?"

"Na ce baƙi aka rubuta. Ga shi nan ƙato kamar ƙofar gari, sai ya tsone wa mutum ido."

"Wa ya faɗa miki abin da aka rubuta?"

"Ba wanda ya faɗa mini."

Na ji wata a bayan asabari ta toshe baki da mayafi, numfashinta yana fita ta hanci. Malama ta fito a lulluɓe, ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce, "Iya, don Allah yaushe kika koya?"

Iya ta ce, "Koyo? Ni ban koyi komai ba. Wata bakwai kuna yi mini ihu a ka. A ɗaga mai ƙugiyar nan, ku ce ja, ko da shuɗi ne. A ɗaga mai dogayen sandunan nan, ku ce baƙi, ko da rawaya ne. Kullum, kullum. Ko akuya ce ta zauna inda nake zama da ta iya. Tun watan jiya abin yake yi mini magana, ina danne shi. Yau kuma kin zo kin rubuta su manya manya."

Ashe duk faɗuwar da muke yi tana yi mana dariya, mu ne muke karanta mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, da babbar murya, ga allo kuma a gabanta inda ita da kanta ta ce a jingina shi.

Kawu ya share ido, ya tuna aikin da ya kawo shi. Ya ƙirga tsakuwata, ya ƙirga tata, ya sake ƙirgawa ko za ta canza. Ya ce, "Yaya, biyu da uku ne. Yarinya ta ci."

"Na ce ba ta ci ba ne? Amma maganata ce ta tabbata. Na ce boko yana ɓata ido. Ga shi ya ɓata nawa, ina zaune a gidana ban taɓa kowa ba."

"To a tashi ajin ke nan?"

"A tashe shi a kai ina? Su sa mini rabin cuta su gudu? Kalma biyar kawai na iya. Su zauna su ƙarasa abin da suka fara." Ta juya gare ni. "Ke kuma tashi ki duba tukunyar can, jan ya kusa ƙonewa. Ja na ce. Mai kama da jini."

Na ce, "To, Iya."

Iya ba ta taɓa zama a tabarmar aji ba, ba ta kuma yarda an rubuta sunanta a rajista ba. Sai dai da muka fito ran Asabar muka tarar tukwanen nan biyar sun matso taku uku wajen allo. Ta ce iska ce ta canza, hayaƙi yana damunta a can. Ba wadda ta tambaya. Daga baya kuma kowace safiya in na gama shara sai ta ce, "Ke, ɗauko sakainar nan mu wasa kai." Muka yi ta yi shekara da shekaru, wata rana ta ci, wata rana in ci, in na ci ta ce rinin ne ya koɗe. Har ta tsufa tukuf hankalinta bai gushe ba, takan ce wasan ne, ni dai ban sani ba.

Na samu takardar shaidata. Wasiƙar yayana ta farko da na karanta da kaina, a ɗakina na karanta ta, na saki asabari. Ba wani abu a ciki sai gaisuwa da labarin sanyin Jos, amma sau huɗu na bi ta. Da na fito Iya ta karɓa ta duba sama da ƙasa, ta ce, "Akwai launi a ciki?" Na ce babu. Ta miƙo mini ta ce yayana bai iya wasiƙa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne kada in ji kunyar yin kuskure a gaban mutane in dai koyo nake, domin ban san wanda yake gefe yana tsinta ba, kuma sau da yawa mai yi maka dariyar ne ya fi kowa kasa kunne. Ta kuma koya mini cewa in babba ya zo gaɓar da zai sauko daga maganarsa, kada ka tura shi, ka yi shiru ka bar masa hanya. Da na yi magana a ranar, da na ci wasa na rasa Iya. Da na yi shiru, ita da bakinta ta riƙe mana ajin. Har yau in na ga abu rawaya nakan ɗan dakata kafin in faɗi launinsa, in yi mata addu'a, sannan in ce rawaya.